Ni barci ya ƙaurace mini, shi kuma yana cewa raki nake yi

Anti, barka da aiki. Shekaruna 37, shekararmu 13 da aure, 'ya'yanmu uku, autar tana da shekara biyu. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, amma a da sau ɗaya ko biyu yake zuwa a wata. Tun bayan haihuwar nan ta ƙarshe abin ya canza, a mako sai in yi kwana huɗu ko biyar da shi. Yana sara mini ta gefen idon hagu kamar ana buga guduma, zuciyata ta riƙa tashi, haske da hayaniyar yara su zame mini azaba. Idan al'adata ta kusa kuwa, sai in yi kwana biyu ban iya ɗaga kai ba. Ina kwanciya ƙarfe 10 amma har 1 na dare idona biyu, ƙarfe 4 kuma na farka. Kusan kullum sai na sha maganin ciwon kai, wata rana ma sau biyu.

Maigidana shekarunsa 45. Shi da zarar ya ɗora kai a matashi ya tafi, ga minshari har ɗakin yara ana jiyowa. Wani lokaci sai in ji ya yi tsit kamar numfashinsa ya ɗauke, can sai ya ja da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Shi ma yana tashi da nauyin kai da safe, amma kafin hantsi ya sake shi. Shi ya sa yake ce mini, "Ni ma ai ina ciwon kan nan, kin taɓa ganin na kwanta? Ki rage raki, ki daina sa tunani a ranki, ki yi barci." Maganar nan tana ƙona mini rai. Wata ƙawata ta ce in nemi ƙwayar barci, wata kuma ta ce in koma ɗakin yara, amma ina tsoron ya ɗauka gudunsa nake yi. Anti, da gaske raki ne da ni? Me ya sa ciwo ɗaya, shi yana yawonsa da shi, ni kuma yana kayar da ni?

Daga wata mai bibiyar wannan fili

'Yar'uwata, sannu da jiki, sannu kuma da haƙuri. Tambayar da ta fi ci miki rai ita zan fara amsawa: ba raki kike yi ba. Macen da take tashi ƙarfe 4 da kai yana sarawa, ta shirya yara uku, ta wuni tana hidima da ido ɗaya a runtse, ba a kiranta mai raki. Sannan akwai kuskure a cikin tambayarki ta ƙarshe, kuma wannan kuskuren shi ne ya shiga tsakaninku. Kin ce "ciwo ɗaya". Daga yadda kika siffanta su, ciwo biyu ne daban waɗanda suka haɗa suna kawai, kowanne da hanyar da yake bi ta cikin barci.

Naki, sara ta ɓari ɗaya, tashin zuciya, gudun haske da ƙara, su ne alamomin abin da likitoci ke kira maigiren. Likita ne zai tabbatar bayan ya duba ki, amma kamannin sun fito sarai. Wannan ciwo idan ba a tare shi ba yakan ɗauki awa 4 har zuwa 72, kuma motsi kaɗan, ko hawa matakala ko sunkuyawa ɗaukar yaro, yana ƙara shi. Shi ya sa mai shi yake neman ɗaki mai duhu ya kwanta. Kafin balaga, yara maza da mata kusan daidai suke wajen samunsa. Daga lokacin da yarinya ta fara al'ada sai lissafin ya karkata, har a wayi gari a cikin manya mata sun ninka maza kusan sau uku. Babban dalili shi ne estrojin, sinadarin da jikin mace ke samarwa. Yana hawa yana sauka a kowane wata, kuma faɗuwar da yake yi gab da zuwan jini ita ce ke tayar da ciwon a wajen mata da yawa, musamman daga kwana biyu kafin al'ada zuwa kwana ukun farko. Ciwon waɗannan kwanakin ya fi tsanani, ya fi daɗewa, ya fi taurin kai wajen jin magani. Ki tuna baya, lokacin da kike ɗauke da cikin autarki. Mata da yawa suna samun sauƙi a watannin tsakiya da na ƙarshe, domin sinadarin yana sama bai motsa ba, sai bayan haihuwa ya faɗo lokaci guda, ga kuma raino da tashin dare sun haɗu a kai. Jikin namiji bai san wannan hawa da sauka ba.

Akwai ma'aunin da Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya ta ajiye a rabe-rabenta na 2018: idan mutum yana ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki suna da siffar maigiren, to ciwon ya zama na dindindin. Ke kwana huɗu zuwa biyar a mako, kin ga kin haura wannan layin. Ina gaya miki ne domin ki san abin da ke damunki yana da suna, an san shi, kuma ana juyar da shi ya koma na jefi-jefi kamar da.

Shi maigiren da barci kamar kaza da ƙwai suke. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamos, shi ne ke riƙe da agogon jiki, kuma yana da hannu a farkon tasowar ciwon. Shi ya sa wasu ke fara yawan hamma da kasala awanni kafin kan ya fara sarawa, shi ya sa kuma ciwon ya fi son kamawa da asuba. Ƙwaƙwalwar mai maigiren ba ta son canji: barci ya gaza ta tayar da ciwo, ya wuce kima ma ta tayar. Idan ciwon ya zo ya hana barci, rashin barcin ya rage wa jiki juriyar zafi, gobe kuma a sake zagayowa. Ga shi dama rashin barci ya fi kama mata, bincike ya nuna haɗarinsa a wajenmu ya fi na maza da kusan kashi 40 cikin 100. Ki ɗora kunnen uwa da ba ya barci gaba ɗaya saboda ƙaramar yarinya, ki ɗora fargabar "gobe da wane kai zan tashi", sannan ki ɗora minshari a gefen kunnenki. Ko mai lafiya garau zai jigata.

Yanzu maigidanki. Gaskiya jimlar da ta fi tsaya mini a wasiƙarki ba a kanki take ba, ita ce inda kika ce yakan yi tsit kamar numfashinsa ya ɗauke sannan ya ja da ƙarfi. Kunnenki bai yi miki ƙarya ba. Wannan ita ce babbar alamar toshewar numfashi a cikin barci. Idan mutum ya yi nisa a barci, naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya zame baya, hanyar iska ta ƙuntata. Minshari ƙarar iska ce tana kutsawa ta ƙuntataccen wuri. Shirun nan da kike ji kuwa, hanyar ce ta rufe. Ƙirji yana ta ƙoƙarin ja amma babu abin da ke shiga, daƙiƙa 10, 20, wani lokaci fiye. Iskar oksijin ta ragu a jini, gurɓatacciyar iska ta taru, sai ƙwaƙwalwa ta firgita shi ya farka na ɗan ƙiftawar ido, ya buɗe maƙogwaro, ya koma. Da safe ba zai tuna ko ɗaya ba. Likitoci suna fara ƙirga ta a matsayin lalura daga sau 5 a awa ɗaya, idan ta kai sau 30 a awa ta yi tsanani. Ki lissafa mutumin da ake tasa sau 30 a kowace awa har gari ya waye. Awa takwas ya yi a kan gado, amma hutun da ya samu bai taka kara ya karya ba. Saurin barcin da kike ganin kamar baiwa ce aka ba shi aka hana ki, sau da yawa alama ce ta jikin da ake bi bashin barci.

Ciwon kan da wannan lalura ke kawowa yana da nasa kamanni, kuma su ne kika faɗa: ana tashi da shi, nauyi ne ko matsi a ɓangarorin kai biyu, babu tashin zuciya, babu gudun haske, kuma yakan watse cikin awa 4 da farkawa. Lalurar ta fi yawa a maza, sau biyu zuwa uku, saboda kitsen namiji ya fi taruwa a wuya da ciki, hanyar iskarsa ta fi tsawo ta fi saurin rufewa, mata kuma sinadaran jikinsu suna ba su wata kariya har zuwa ɗaukewar al'ada. To kin ga lokacin da yake cewa "ni ma ina ciwon kan nan", gaskiyarsa yake faɗa, sai dai da mudunsa yake auna miki. Bai taɓa ɗanɗana naki ba. Maganarsa ta yi zafi kuma bai kyauta ba, amma ban ga mugunta a cikinta ba, rashin sani na gani. Abin da ya fi damuna shi ne nasa ciwon, mai sauƙin ɗauka da rana, yana ɓarna a ɓoye. Toshewar numfashi da ba a kula da ita ba tana da alaƙa da hawan jini mai wuyar sauka, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, ga haɗarin gyangyaɗi a kan tuƙi.

Saboda haka ki canza ƙofar da kike shiga maganar. Muddin ana gardamar wane ne ya fi jin jiki, babu mai sauraron wani. Ki nemi lokacin da kanki ya lafa, shi ma ya huta, yara ba sa kusa, ki ce masa wani abu kamar haka: "Akwai abin da nake ji da dare da ke ba ni tsoro a kanka. Numfashinka yana ɗaukewa. Ka ba ni izini in ɗauka a waya ka ji da kunnenka." Kada ki ɗauka a ɓoye, kada kuma kowa ya ji sai shi da likita, domin minshari abu ne da maza da yawa ke jin kunyarsa. Minti biyar ya isa. Mutum zai iya musa maganar matarsa, amma idan ya ji shirun nan da kansa, ya ƙirga daƙiƙoƙin, ya ji yadda yake fizgo iska, jikinsa yakan yi sanyi. Daga nan ki tambaye shi a hankali: yana tashi da bushewar baki? Yana yawan fita fitsari da dare? Barci yana fizgarsa a wurin aiki ko a cunkoson motoci? Yaushe rabon da a auna jininsa? Ku je wurin likita tare, domin ke ce shaidar abin da shi ba ya gani. Gwajin barci ake yi, ko a asibiti ko da ƙaramar na'ura a gida, a ƙirga sau nawa numfashin ke tsayawa. Idan ta tabbata, akwai na'urar CPAP mai hura iska a hankali ta hanci ta riƙe maƙogwaro a buɗe, wadda wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Akwai abin da likitan haƙori ke yi wa mutum ya sa a baki ya turo muƙamuƙi gaba, ga wanda tasa ba ta yi tsanani ba. Rage ƙiba yana taimakawa sosai, haka kwanciya a gefe maimakon rigingine. Idan aka gyara numfashin, nauyin kan safe yakan tafi, ke kuma ki samu dare mai shiru.

Kafin in dawo kanki, kalma biyu ga sauran masu karatu. Mata ma suna samun toshewar numfashi, musamman bayan ɗaukewar al'ada, amma su sukan zo da gajiya, rashin barci da ciwon kan safe, sai a ce damuwa ce a sallame su. Maza kuma akwai wani ciwon kai da ya fi kama su, mai tada mutum daga barci kusan lokaci ɗaya kowane dare, ya soki ido ɗaya har ya yi ja yana hawaye, hanci ya toshe ta ɓangaren, minti 15 zuwa awa 3, mai shi ya kasa zama sai kai-komo. Wanda ya ga wannan a jikinsa ya nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, maganinsa daban ne.

Ke kuma, 'yar'uwata, ina so mu yi maganar ƙwayoyin nan da kike sha kusan kullum, kuma ba zargi nake yi ba, duk wanda kansa ke sarawa hannunsa zai kai ga magani. Amma maganin kashe zafi idan ya yawaita yakan koma shi ne ke riƙe da ciwon. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce: farasitamol, ibufurofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma magungunan haɗi masu kafeyin ko kodin, da na maigiren da ake kira tiriftan, kwana 10 ko fiye a wata, idan aka wuce wata uku a haka, suna haifar da nasu ciwon kan. Ƙarfin maganin yana ƙarewa cikin dare, kan ya tashe ki da asuba yana neman wani. Farkawarki ta ƙarfe 4 tana iya kasancewa da hannun wannan a ciki. Ki tattara duk kwalayen da kike sha, har waɗanda ke cikin jaka da ƙarƙashin matashi, ki kai wa likita ya gani da idonsa, ku tsara yadda za ki rage. Mako ɗaya ko biyun farko ciwon yakan ƙaru kafin ya lafa, don haka ki zaɓi lokacin da za ki samu mai taya ki da yara. Ki kuma tambaye shi maganin rigakafi, wanda ake sha kullum domin rage yawan zuwan ciwon, irin su amitiriftilin da ake sha da dare ko furofuranolol. Ki faɗa masa idan kina shayarwa ko kina da niyyar sake haihuwa, domin wasu daga cikinsu, kamar balfurowet da tofiramet, suna cutar da ɗan tayi. Idan kuma kina ganin walƙiya ko zane-zane a ido kafin ciwon ya fara, lallai ki ambata, saboda mai irin wannan ba a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai estrojin, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A duba miki jini ma. Bayan haihuwa uku ƙarancin sinadarin ƙarfe ba abin mamaki ba ne, kuma yana kawo wani abu kamar tafiyar kiyashi a ƙafafu da dare mai sa mutum ya kasa barin su wuri ɗaya, lalurar da ita ma ta fi yawa a mata.

Ƙwayar barcin da ƙawarki ta ambata, ban goyi baya ba. Tana kwantar da mutum amma ba ta gyara abin da ya hana shi barci, jiki kuma yana sabawa da ita. Har a nan ma akwai bambanci: a 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta rage wa mata adadin wata ƙwayar barci mai suna zolfidem daga miligiram 10 zuwa 5, saboda yana daɗewa a jininsu har safiya. Maigidanki kuwa kada ya kusance ta kafin a gwada shi, domin tana iya ƙara sakin maƙogwaro. Abin da ya fi aiki ga rashin barci mai daɗewa shi ne sake koya wa jiki tsarin kwanciya. An gwada haka a kan mata 43 masu maigiren na dindindin a Arewacin Karolina ta Amurka, aka wallafa a 2007, waɗanda suka gyara tsarin barcinsu ciwonsu ya ragu, wasu ma ya koma musu na jefi-jefi.

Ga yadda za ki fara. Ki tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, kullum, har ranar hutu, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Awa ukun nan da kike yi kina juyi daga 10 zuwa 1 suna koya wa ƙwaƙwalwarki cewa gado wurin tunani ne, don haka na ɗan lokaci ki jinkirta kwanciya sai kin ji barci ya fara fizgarki, idan ya fara zuwa da wuri sai ki riƙa matso da lokacin da minti 15. Idan kin kwanta kin ga kamar minti 20 ya wuce babu labari, ki tashi ki zauna a wuri mai ƙarancin haske, ba tare da waya ba, har sai ya dawo. Ki juya fuskar agogo, kallonsa lissafi kawai yake jawowa. Barcin rana kada ya wuce minti 20, sai dai ranar da ciwon ya kama, ranar kam ki kwanta, barci yana daga cikin abin da ke yanke shi. Kofi da shayi da duk abin sha mai kafeyin ki tsayar da su daga tsakar rana. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma nata yakan kusan ninka haka.

Maganar raba ɗaki, na fahimci tsoronki, kuma yana da tushe idan kawai ya farka ya ga babu ke. Amma idan da shawararsa aka yi, aka sa mata wa'adi, aka kira ta da sunanta, wato jinya, ba za ta zama gudu ba. Ku kwanta tare kamar yadda kuka saba, ku yi hirarku, idan ya yi barci ki koma inda za ki samu shiru, ko da dare uku ne a mako, musamman kwanakin da al'ada ta kusa. Sai dai ɗakin yara ba lallai ya ba ki hutun ba, motsin autarki kaɗai zai riƙa tashinki. Idan babu wani ɗakin, ki gwada abin toshe kunne, shi kuma ya kwanta a gefensa da matashi a bayansa, sannan ki roƙe shi ya ɗauki tashin daren yarinyar ko da kwana biyu a mako har ki miƙe.

Akwai alamomin da ba a jira da su: ciwon kan da ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, harɗewar magana, ko ganinki ya riƙa dushewa. Duk wanda ya samu ɗaya daga cikinku, asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Yau da dare ki samu takarda ki ja layi. Kowace safiya ki rubuta lokacin da kika kwanta, lokacin da kike ganin barci ya ɗauke ki, lokacin da kika tashi, ko kan ya yi ciwo da ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, maganin da kika sha, da ranar da al'ada ta zo. Ki bar masa gefe ɗaya shi ma ya riƙa rubuta nasa. Kada ku jira takardar ta cika kafin ku ga likita, ku je da abin da ya samu, ku ci gaba da rubutawa. Bayan mako takwas ki sake rubuto mini, ina so in ji kwana nawa kan yake yi miki ciwo a wata, da abin da gwajin maigidan ya nuna. Allah ya ba ku lafiya ku duka biyun.